Yadda ake neman izinin banki kafin a ba da hayar gidan da ya ƙi sayuwa a Ingila

Mutum ya sayi gida a Ingila da rancen banki, ya zauna a ciki shekaru, sai aiki ya mayar da shi wani gari, ko ya samu gurbi a wani asibiti a Saudiyya, ko kuwa ya yanke shawarar komawa gida Najeriya da iyalinsa. Ya sa gidan a kasuwa, watanni sun shuɗe, masu zuwa dubawa suna ta raguwa, wanda ya taya kuma ya janye. Duk da haka banki bai fasa cirar kuɗinsa kowane wata ba, ƙaramar hukuma ma tana jiran harajinta, kuma tun daga Afrilun 2024 doka ta ba ta damar ninka harajin gidan da ya shekara babu kowa a ciki. Abin da ke zuwa a ran kowa a wannan hali shi ne a zuba 'yan haya kafin mai saye ya samu. Shawara ce mai kyau a lokuta da dama, sai dai ba a fara ta da neman ɗan haya. Da banki ake farawa.

Dalilin yana cikin takardar da ka sa wa hannu ranar karɓar rancen. Bankin ya ba ka kuɗi a kan ruwa mai sauƙi bisa sharaɗin cewa kai da iyalinka ne za ku zauna a gidan, saboda a lissafinsa wanda yake kwana a gida ya fi tsoron rasa shi a kan wanda yake karɓar haya daga nesa. Idan ka sa wani a ciki ba da saninsa ba ka karya yarjejeniya, kuma yana da ikon ƙara maka ruwa, ko ya ci ka tara, ko ya nemi ka biya dukkan abin da ya rage a kanka. Ɓoyewar ma ba ta daɗewa, domin sunan ɗan haya zai bayyana a rajistar masu zaɓe da takardun harajin gida, tallan hayar kuma yana nan a intanet kowa na gani. Izinin da ake nema bankunan suna kiransa consent to let, kuma da wannan sunan za ka tambaye shi idan ka buga waya.

Mataki na farko shi ne ka ɗauko takardun rancen ka karanta su da natsuwa. Abubuwa huɗu kake nema a ciki: abin da aka faɗa game da ba da haya, ranar da tsayayyen ruwan da kake kai, wato ruwan da aka ƙayyade maka ba ya hawa ba ya sauka na wani wa'adi, zai ƙare, tarar da za a ci ka idan ka biya bashin kafin lokacinsa, da adadin da ya rage a kanka. Sannan ka duba shafin bankin ka ga sharuɗɗansa na yanzu. Ba duk bankuna ne ke da tsari iri ɗaya ba, amma yawancinsu suna so a ce ka yi aƙalla wata shida kana biya, wasu shekara guda, kuma babu wani wata da ya wuce ka. Wanda ya nemi izinin haya mako kaɗan bayan ya karɓi makulli, zargin da za a fara yi masa shi ne tun asali gidan haya ya saya ya fake da sunan zama, kuma wannan zargi ne mai nauyi, tunda ba da bayanin ƙarya wajen karɓar rance zamba ce a dokar ƙasar.

Kafin ka tuntuɓi banki, ka tabbatar ko akwai wani mai haƙƙi a gidan ban da shi. Idan fulat ne da ka saya bisa hayar shekaru masu yawa, kamar yadda aka saba sayar da fulat a Ingila, to mai ƙasar ko kamfanin da ke kula da ginin yana iya zama da ta cewa, wani lokaci har da ɗan kuɗin rajista. Idan gidan na tsarin mallakar haɗin gwiwa ne da ƙungiyar gidaje, wato ka sayi wani kaso kana biyan hayar sauran, galibi an hana ba da haya sai da wani uzuri mai ƙarfi. Haka wanda ya saya da tallafin gwamnati na Help to Buy, sai ya nemi izini daban daga masu kula da wannan bashin, kuma ba su cika bayarwa ba sai ga wanda ya shiga wani hali na musamman. Musulmin da ya kauce wa ruwa ya sayi gidansa ta bankin Musulunci, irin su Gatehouse Bank, kada ya ɗauka maganar ba ta shafe shi ba. A tsarin musharaka bankin abokin tarayya ne a mallakar gidan, kai kuma kana biyan hayar kasonsa, saboda haka sa wani a ciki ba da yardarsa ba ya fi ma zama abin dubawa.

Mataki na gaba, wanda mutane suka fi gaggawa a kansa, shi ne lissafi. Ka kira dillalan haya biyu ko uku su zo su ga gidan, kowanne ya rubuto maka abin da yake ganin za a biya a wata. Wannan takarda za ta yi maka amfani sau biyu, domin banki ma yana iya tambayarta. Daga nan ka zauna da biro. A ƙaddara bashin da ya rage fam 180,000 ne, kana biyan fam 1,050 a wata, dillali kuma ya ce hayar za ta kai fam 1,200. Da farko sai ka ga kamar akwai rarar fam 150. Amma idan dillalin zai riƙe maka gidan gaba ɗaya a kan kashi 12 cikin 100, fam 144 ta tafi. Idan bankin ya ɗora kashi 1 cikin 100 a kan ruwa saboda izinin, wannan fam 1,800 ce a shekara, wato fam 150 a wata. Ba a zo kan inshora ba, ba a zo kan tukunyar ɗumama gida da za ta iya mutuwa a tsakiyar hunturu ba, ba a kuma lissafa watan da gidan zai zauna babu kowa tsakanin ɗan haya da ɗan haya ba. A irin wannan misali ciko za ka riƙa yi daga aljihunka. Wannan ba ya nufin a fasa, domin cikon fam 200 ya fi biyan fam 1,050 a kan gidan da ba kowa. Abin nufi shi ne ka shiga da sanin cewa rage asara kake yi, ba riba ka fito nema ba.

Idan lissafin ya zauna, sai neman izinin kansa. Wasu bankuna fom ne a intanet, wasu waya ake bugawa, wasu har yanzu takarda suke aikowa. Duk wanda sunansa ke kan rancen sai ya amince, don haka idan da matarka kuka karɓa, ita ma za ta sa hannu. Tambayoyin ba su da yawa: me ya sa za ka bar gidan, ina za ka koma, tsawon wane lokaci, nawa ne hayar, su wa za su shiga. Ka faɗi gaskiya a taƙaice, ka haɗa da shaida. Takardar kama sabon aiki, yarjejeniyarka da dillalin da ke sayar da gidan mai nuna ranar da aka sa shi a kasuwa, da shaidar cewa ka rage farashi ko ciniki ya ɓaci, waɗannan su ne ke nuna wa ma'aikacin da ke duba fayil ɗinka cewa larura ce ta kawo ka. Idan ƙasar za ka bari, ka faɗa tun a farko, ka ba da adireshin da za a same ka da sunan dillalin da zai kula da gidan. Wasu bankuna suna ƙara tsanani ga wanda zai zauna a waje, kuma gara ka ji hakan tun kana Ingila.

Ka ba kanka lokaci. Wani bankin yakan amsa cikin 'yan kwanaki, wani sai an yi makonni, saboda haka kada ka bari sai jirginka ya rage mako guda. Kuma kada ka sa hannu da ɗan haya, kada ka karɓi ko sisinsa, sai izinin ya zo maka a rubuce. Abin da wani ma'aikaci ya faɗa maka ta waya, cewa ba matsala, ba zai tsaya maka ba ranar da aka sami saɓani.

Idan takardar izini ta iso, a nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ka duba wa'adinta: yawanci tsakanin wata shida ne zuwa shekara, wasu su kai biyu ko uku, wasu kuma su ɗaure shi da ƙarshen tsayayyen ruwanka. Ka duba kuɗin: wani banki kuɗin aiki yake karɓa sau ɗaya, wani ruwa yake ƙarawa, wani ya haɗa biyun, akwai kuma wanda ba ya ƙara komai a watannin farko sai daga baya. Ka duba abubuwan da aka hana, waɗanda galibi sun haɗa da hayar kwanaki irin ta Airbnb, da raba ɗakuna ga mutanen da ba iyali ɗaya ba, da karɓar ƙarin rance a kan gidan. Akwai kuma wani sharaɗi da ya fi sauran cin kuɗi, mutane kuma ba su cika lura da shi ba. Wasu bankuna ba sa barin wanda ke kan izinin haya ya koma sabon tsari mai rangwame idan tsayayyen ruwansa ya ƙare, sai ya faɗa kan ruwan banki na gama-gari, wanda yakan fi tsada nesa ba kusa ba. Idan tsarinka zai ƙare nan da wata takwas, to wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci, kuma a rubuce za ka nemi amsarta.

Sai maganar da ta canja lissafin mai son sayarwa gaba ɗaya, wato sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya ta Ingila, Renters' Rights Act, wadda ta samu amincewar Sarki a ranar 27 ga Oktoban 2025, gwamnati kuma ta sanya 1 ga Mayun 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyan sassanta. A da, mai gida yakan yi yarjejeniyar wata shida, idan mai saye ya samu ya ba da notis na wata biyu a ƙarƙashin sashe na 21 na tsohuwar doka ba tare da faɗin dalili ba. Dokar ta soke wannan. A sabon tsari haya ba ta da ranar ƙarewa, wata-wata take tafiya, ɗan haya yana iya ba da notis na wata biyu ya tashi duk lokacin da ya so, amma kai ba ka iya tashinsa sai da dalilin da doka ta amince da shi. Sayar da gida yana cikin dalilan, haka komawarka ciki, sai dai ba za ka iya karɓar gidan da ɗayansu ba a cikin wata 12 na farko, kuma notis ɗin wata huɗu ne. Idan ɗan hayar bai fita ba bayan notis, sai an je kotu, wannan kuma wasu watannin ne. Sannan idan ka tashe shi da sunan sayarwa, gidan ya sake ƙin sayuwa, an hana ka sake ba da shi haya har tsawon wata 12.

Ka ɗora wannan a kan takardar izininka za ka ga inda gizo ke saƙar. Banki ya ba ka wata shida, doka kuma ta ba ɗan haya aƙalla shekara. A ganina duk wanda bai shirya rabuwa da gidansa na shekara guda da 'yan watanni ba, bai kamata ya ba da haya ba. Gara ya sake rage farashi ya sayar. Wanda ya shirya kuwa, ya nemi izinin da bai gaza shekara ba, ya tambayi yadda ake sabunta shi, ya kuma sa bankin ya tabbatar masa cewa ya amince da sabon nau'in yarjejeniyar, domin tsofaffin takardu suna maganar haya mai ƙayyadadden wa'adi ne. Ana iya sayar da gida da ɗan haya a ciki, amma masu sayensa 'yan kasuwar haya ne, kuma sun san yadda ake taya kaya da arha. Shi kuma ɗan haya yana da haƙƙin a bar shi ya zauna lafiya, ba dole ba ne ya riƙa buɗe wa masu dubawa ƙofa duk ranar Asabar. Wannan duka dokar Ingila ce. Sikotilan da Wales suna da nasu tsarin, kuma a duka biyun sai mai gida ya yi rajista kafin ya ba da haya.

Da izini a hannu, abu na gaba inshora ne. Inshorar gidan zama ba ta rufe gidan haya, kuma yawancinta tana raguwa idan gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa. Ka sanar da kamfaninka ko ka koma inshorar masu ba da haya tun kafin ranar shiga, domin idan gobara ta tashi aka gano 'yan haya ne a ciki ba a faɗa ba, kamfanin yana iya ƙin biya, bashin banki kuma yana nan.

Daga ranar da ka miƙa makulli, doka ba ta bambanta ka da mai gidaje hamsin ba. Ana bukatar takardar lafiyar gas kowace shekara daga injiniya mai rajistar Gas Safe, da rahoton binciken wayoyin wuta duk shekara biyar, da takardar EPC ta ingancin makamashi wadda ba ta gaza matakin E ba, da na'urar jin hayaƙi a kowane hawa, da na'urar gano iskar guba a ɗakin da ke da tukunyar ɗumama ko murhun itace. Kuɗin ajiyar ɗan haya ba ya wuce hayar mako biyar idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma dole ne ka saka shi cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin ma'ajiyai uku da gwamnati ta amince da su: Deposit Protection Service, MyDeposits, ko Tenancy Deposit Scheme. Dole ne kuma ka duba takardun duk baligin da zai zauna don tabbatar da cewa yana da izinin zama a ƙasar, ko da ɗan garinku ne kuka saba haɗuwa a masallaci. Ka kuma leƙa shafin ƙaramar hukumar unguwar, saboda wasu unguwanni sai da lasisi ake ba da kowane gida haya. Wanda zai bar ƙasar, shawarata ita ce ya biya dillali mai rajista ya riƙe masa, maimakon ya ɗora wa ɗan'uwa mai aikin dare nauyin da zai ɓata zumunci. Ko ba komai, doka tana so ɗan haya ya samu adireshi a Ingila ko Wales da zai iya aika maka takarda.

Haraji yana da nasa tarko. Kuɗin haya kuɗin shiga ne, kuma za ka bayyana shi ga hukumar haraji ta ƙasa, HMRC. Shekarar haraji tana ƙarewa 5 ga Afrilu, wanda bai taɓa cike fom ɗin haraji da kansa ba kuma yana da zuwa 5 ga Oktoba ya yi rajista. Kafin a lissafa harajin, za ka cire kuɗin dillali da inshora da gyare-gyare daga hayar, amma ba za ka cire abin da kake biyan banki ba. Tun daga Afrilun 2020, abin da ake ba mai gida kawai shi ne rangwamen kashi 20 cikin 100 na ruwan da ya biya, saboda haka likita ko injiniyan da albashinsa ya riga ya kai shi matakin kashi 40 yana iya biyan haraji a kan hayar da ciko ma yake yi mata. Wanda zai yi wata shida ko fiye a waje ya shiga tsarin masu gida mazauna ƙetare: dillali zai riƙa cire haraji daga hayar kafin ya turo masa, sai fa idan ya cike fom na NRL1 aka amince a ba shi cikakke ya yi lissafinsa da kansa.

Ranar sayarwa ma akwai lissafi. Gidan da ka zauna a ciki ba a biyan harajin riba a kan shekarun zamanka, kuma ana ƙara maka wata tara na ƙarshe ko ba ka ciki. Abin da ya wuce haka na lokacin haya yana iya jawo haraji idan gidan ya yi daraja, kuma cikin kwana 60 da kammala ciniki ake bayyanawa a biya; mazaunin waje kuwa sai ya bayyana ko da babu abin biya. Idan kuma za ka sayi wani gidan a Ingila alhali tsohon yana hannunka, za ka biya ƙarin kashi 5 cikin 100 na harajin sayen gida, wanda ake mayar maka idan ka sayar da tsohon cikin shekara uku. Wannan wa'adin ka rubuta shi inda ba za ka manta ba, domin a gidan fam 300,000 maganar fam 15,000 ake yi.

Idan banki ya ƙi, ka tambayi dalili. Wani lokaci abu ne da ake gyarawa, kamar rashin cikar wata shida ko wata takarda da ba ta zo ba. Idan ƙin na gaske ne, hanyar da ta rage ita ce a sauya rancen zuwa na gidan haya, a wurinsa ko a wani bankin. Yawanci za a so ka mallaki kusan kashi 25 cikin 100 na darajar gidan, hayar kuma ta kai kashi 125 zuwa 145 cikin 100 na ruwan da za a lissafa maka, sannan kada ka manta da tarar fita daga tsohon tsari. Tun daga Maris na 2016 akwai kariya ta musamman ga wanda larura ta mayar da shi mai ba da haya, don haka ka gaya wa dillalin rance cewa gidan zamanka ne a da. Idan kana ganin bankin ya yi maka ba daidai ba, ka shigar da ƙorafi a rubuce; idan mako takwas ya wuce ba a warware ba, kana iya kai maganar ofishin Financial Ombudsman Service, mai raba gardama tsakanin bankuna da abokan hulɗarsu, kuma kyauta ne.

Wata uku kafin izinin ya ƙare, ka koma wa bankin da kanka, kada ka jira wasiƙarsa, musamman idan wasiƙun suna zuwa adireshin da ka bari. Ka nemi sabuntawa idan har yanzu niyyarka sayarwa ce, ka nuna cewa hayar tana shiga kuma ba wata da ya wuce ka. Idan kuwa ka ga riƙe gidan ya fi maka, to lokacin komawa rancen gidan haya ya yi, domin bankuna ba sa son sabunta izinin wucin gadi shekara bayan shekara. Idan ɗan haya ya tashi ka dawo ciki, ko ciniki ya faɗa, ka sanar da bankin da kamfanin inshora a makon, saboda ƙarin ruwan ba ya sauka da kansa sai an gaya musu.